Ragama a Hannun Sabon Mahayi: Matakan Sarrafa Doki da Abin da Shugaba Zai Koya a Ciki

Matsakaicin dokin hawa yana da nauyin kilo 400 zuwa 550. Mutumin da ke riƙe da igiyarsa da wuya ya wuce kilo 80. Duk wanda ya ɗauka da ƙarfin damtse ake jan wannan dabba, lissafi kaɗai ya isa ya ƙaryata shi. Doki yana bin mutum ne don ya gane abin da ake nema a wurinsa, kuma ya ga cewa yin abin yana kawo masa sauƙi. Ba banza ba harshe ya aro kalmomin barga ya kai su fagen mulki: ana riƙe ragama, ana ƙara ƙaimi, ana ja wa mutum linzami. Matakan da ke tafe na sabon mahayi ne, daga tunkarar doki har zuwa hawa, kuma mai jagorancin mutane zai tsinci nasa rabon a cikinsu.

Zaɓen dokin koyo

Sabon mahayi da ɗanyen doki haɗi ne mai kai mutum asibiti. Ɗaya bai iya tambaya ba, ɗayan bai san amsa ba. Ka nemi doki mai shekara 8 zuwa 15 wanda ya sha hawa, ya fi kyau ya zama dandaƙaƙƙe ko goɗiya mai sanyin hali. Ingarma ba na ɗan koyo ba ne. Dukushi kuwa a bar wa gwanaye, domin ƙasusuwan bayan doki ba sa gama ƙosawa sai wajen shekara 5 zuwa 6. Nauyinka haɗe da sirdi kada ya zarce kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin dokin. Ka sa hular kwano da rufaffen takalmi mai ɗan tudun dunduniya, kuma a makonnin farko ka tabbatar akwai wanda ya iya a kusa da kai.

Mataki na farko: karanta shi kafin ka taɓa shi

A dawa doki abin farauta ne, kuma makaminsa na farko gudu. Idanunsa suna gefen kai, don haka yana ganin kusan duk kewayensa, sai wurare biyu: daidai gaban goshinsa da daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba tare da ya yi magana ba, shi ya sayi harbi da kuɗinsa. Ka tunkare shi ta wajen kafaɗar hagu, a karkace, kana magana da murya ƙasa-ƙasa. Ka tsaya kamar taku biyu daga gare shi, ka bar shi ya juyo da kai ya shinshine ka. Taɓawar farko a wuya ko kafaɗa ake yin ta, a shafa ko a sosa, kada a fara da fuska.

Kafin haka ma, ka ɓata minti biyu kana kallonsa. Kunnuwa su ne allon sanarwar doki: inda suka nuna, can hankalinsa yake. Idan ya kwantar da su baya sun manne da wuya, gargaɗi ne, cizo ko harbi na iya biyowa. Kai a sama, wuya a sandare, farin ido a waje, hanci a buɗe, wannan tsoro ne. Kai ƙasa-ƙasa, leɓe a sake, ƙafar baya ɗaya a ɗage tana hutawa, wannan natsuwa ce. Kaɗa wutsiya da ƙarfi alhali babu ƙuda yana nuna ƙosawa ko ciwo. Doki ba ya kai hari haka kawai. Yakan fara faɗin damuwarsa da ƙananan alamu, sai an ƙi saurara ya ɗaga murya da kofato. Haka ma'aikaci yake: kafin ya ajiye aiki ko ya yi bore, ya daɗe yana nunawa da yin shiru a taro da jan ƙafa a kan aiki.

Shi ma fa yana karanta ka, kuma ya fi ka ƙwarewa. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a Berlin ta Jamus mai suna Hans, wanda mai shi, Wilhelm von Osten, ya yi imani ya iya lissafi, domin idan aka tambaye shi yakan buga kofato a ƙasa har adadin amsar. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Oskar Pfungst, ya bincika, ya wallafa sakamakonsa a 1907. Ashe dokin yana lura ne da ɗan motsin kai da sassautawar jikin mai tambaya a daidai lokacin da bugun ya kai amsar, motsin da shi kansa mai tambayar bai san yana yi ba. Idan mai tambayar bai san amsa ba, ko aka tsaya inda dokin ba ya gani, sai lissafin ya rushe. Saboda haka riƙe numfashi, ɗaure kafaɗa da sauri-sauri duk magana ce a wurin doki. Ranar da ka zo da fushin wani abu daban, ka tsaya a shara da ba da ruwa, ka bar horo sai gobe.

Mataki na biyu: ragama da ja

Tsaya a gefen hagu, kusa da wuya, kana fuskantar inda yake fuskanta. Fara zagaya igiyar a wuyansa don kada ya tafi, sannan ka zura hancinsa cikin ragamar, ka ɗora maɗaurin ta bayan kunnuwa ka ɗaure. Yatsu biyu su iya shiga tsakanin ragama da fata. Igiyar ja ta kai mita biyu da rabi zuwa uku. Hannun dama ya riƙe ta kamar kamu ɗaya ko biyu ƙasa da haɓa, ragowar kuma a ninke a hannun hagu. A ninke aka ce, kada a naɗe ta a hannu ko a yatsa. Idan ya zabura da igiya a naɗe, yatsu ne za su tafi, ko ya ja ka a ƙasa.

Wurin tafiyarka shi ne tsakanin kansa da kafaɗarsa. Idan ka wuce gaba sosai ba ka ganin abin da yake yi, kuma idan ya firgita kanka zai faɗo. Idan ka koma baya, shi ke jan ka. Ka dubi inda za ka, kada ka juyo kana kallon idonsa kana ja, domin fuskantar doki kai tsaye cewa ne ya tsaya. Idan za ku juya, tura shi zuwa dama, ya kauce maka, don kada ya taka maka ƙafa.

Abu uku za ka koya masa, ko ka gwada ko ya iya: tafi, tsaya, ja da baya. A kansu aka gina duk sauran horo, kuma hanyar koyar da su ɗaya ce.

Matsi da saki

Nan ne gundarin aikin, kuma nan ne sababbin mahaya suka fi faɗuwa. Kusan duk umarnin da ake ba doki matsi ne: jan ragama, taɓa haƙarƙari da ƙafa, ɗan jan linzami. Doki ba ya son matsin, sai ya shiga gwada abubuwa don ya rabu da shi. Abin da yake yi a daidai lokacin da matsin ya gushe, shi yake ɗauka a matsayin amsa. Wato sakin ne ke koyarwa. Jan tambaya ce kawai.

Ga yadda ake yi da "tafi". Ka ɗan ja igiyar gaba da nauyin da bai wuce na riƙe ƙwai ba. Ka jira daƙiƙa biyu. Idan bai motsa ba, ƙara nauyin kaɗan, ka riƙe shi daidai, ba fizga ba. Idan har yanzu shiru, sai ka riƙa ɗan taɓa gefen cinyarsa da doguwar tsumagiya, taɓawa a jere, ba duka ba, kana ƙarawa sannu a hankali. Da zarar ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa gaba, saki komai nan take, cikin daƙiƙa guda. Bar shi ya huta daƙiƙa biyar zuwa goma, ka sosa masa wuya, sannan ka sake farawa daga mafi sauƙin matsi. Bayan maimaici biyar ko shida za ka ga ya fara amsawa tun a matakin farko, domin ya gane cewa ɗan jan nan share fage ne, kuma amsa shi da wuri ya fi sauƙi.

Kurakurai uku ke lalata wannan. Na farko, jinkirin saki. Ya yi taku, kai kuma kana ci gaba da ja don kana son taku goma. A wurinsa takun bai yi amfani ba, sai ya gwada wani abu, ya turje ko ya ɗaga kai. Na biyu, saki a mugun lokaci. Ya fizge kai, ka tsorata ka saki, to ka koya masa fizga, kuma darasi ne da yake kamawa da sauri ƙwarai. Na uku, matsin da ba ya ƙarewa: mahayin da ƙafarsa ke dukan haƙarƙari a kowane taku, hannunsa kuma na rataye a linzami. Dabbar da ke jin saukar ƙuda a fatarta, a hankali sai ta daina kula da dunduniyar mutum, a ce ai dokin ya yi taurin baki ko ya yi nauyi. Mahayin ne ya kashe masa ji.

Shugaban da bai taɓa nuna wa na ƙasa da shi cewa aiki ya yi daidai ba, wanda ko an gama ko ba a gama ba faɗan ɗaya ne, yana yin kuskure na uku. Mutanensa za su daina bambance gaggawa ta gaske da hayaniyar yau da kullum. Wanda kuma ke janye umarni duk lokacin da aka yi masa tsawa, ya koyar da tsawa. Sannan akwai tsarin farawa da sauƙi: a fara da roƙo, a bi da umarni, a ƙare da dagewa, kullum a wannan jeri. Mai farawa da dagewa bai bar wa kowa damar amsawa cikin mutunci ba.

Wani mashahurin mai horar da dawaki na Amurka, Ray Hunt, ya yi suna da koyar da cewa a sauƙaƙa wa doki abin da ake so, a wahalar masa da abin da ba a so. Misali, dokin da ke son komawa wajen 'yan'uwansa, maimakon a yi kokawa da shi, sai a sa shi aiki, zagaye da juye-juye, a kusa da su, a kuma ba shi hutu a can nesa inda ake so ya tsaya. Ba a jima ba zai zaɓi nesan da kansa.

Akwai wata magana da ta yaɗu, wai dole ka zama "shugaban garke", ka nuna wa doki ka fi shi. A yi hattara da ita. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masana kimiyyar hawan doki, ISES, ta yi gargaɗi a kan gina horo bisa wannan tunani, domin babu hujjar cewa doki yana ɗaukar mutum a matsayin wani doki mai muƙami. A garken ma, ba dabba ɗaya ce kullum ke fara tafiya sauran su bi ba. Illar wannan tunani ita ce yana mai da kowace rashin fahimta raini, raini kuma sai a amsa shi da bulala. Abin da doki ke buƙata a wurinka shi ne alama ɗaya ta kasance da ma'ana ɗaya yau da gobe. Idan ranar Litinin ka bar shi yana goga kai a jikinka kana dariya, ranar Talata ka mare shi a kan haka don ka sa farar riga, ka zama abin da ba a iya hasashensa, kuma a wurin dabbar da ake farauta, wannan shi ne abin tsoro.

Mataki na uku: ɗauri, shara da kofato

Ɗaure shi a abu mai ƙarfi da ba ya tumɓukewa, a tsayin kafaɗarsa ko sama kaɗan, da zarge mai kwancewa da ja ɗaya. Tsawon igiyar ya zama kamar tsawon hannu, don kada ya tsallaka ta da ƙafa. Ba a ɗaure doki da linzami, domin idan ya ja baya ƙarfen zai yaga masa baki. Goge wurin zaman sirdi da wurin majayi sosai, ƙwayar yashi ɗaya a nan tana zama gyambo. Idan za ka zagaya ta bayansa, ko dai ka manne da jikinsa hannunka na kan ƙugunsa kana magana, ko ka ba da tazarar mita uku. Tsaka-tsakin nan ne harbi ke da cikakken ƙarfi.

Wajen ɗaga ƙafa, tsaya kana fuskantar wutsiya, shafo daga kafaɗa zuwa ƙasa, ka ɗan matsa bayan ƙwauri. Sakace kofaton daga dunduniya zuwa gaba, kana kiyaye tsokar tsakiya mai siffar V. Kai za ka ajiye ƙafar, kada ka bari ya ƙwace, kuma da farko ka ajiye ta da wuri, tun kafin ya gaji. Ana gyaran kofato duk mako 6 zuwa 8.

Mataki na huɗu: sirdi, linzami da hawa

Ɗora shimfiɗa da sirdi a ɗan gaba, sannan ka zamo da su baya har su zauna, don gashi ya kwanta yadda ya tsiro. Yatsu biyu zuwa uku su shiga tsakanin gaban sirdi da tudun kafaɗa. Majayi a matakai uku ake ɗaure shi: sako-sako da farko, a ƙara bayan an ɗan zagaya da dokin, a sake dubawa daf da hawa. Wanda ke zuge shi lokaci ɗaya shi ke haifar da doki mai cizo idan ya ga sirdi. Wajen sa linzami, zura babban yatsa a gefen baki inda babu haƙora, zai buɗe da kansa. Kada ƙarfen ya bugi haƙoransa, shiga ko fita. Ɗan koyo ya yi amfani da linzami mafi sauƙi, ya kuma ajiye ƙaimi gefe har sai ƙafarsa ta daina rawa. Awon likkafa: ɗora yatsu a inda igiyarta ta rataya a sirdi, ƙarfen ya kai hammatarka.

Ka hau ta hagu, ya fi kyau daga kan wani abin takawa don sirdi kada ya karkace ya murɗe masa baya. Zauna a hankali, kada ka faɗa kamar buhu. Sannan ka yi abin da yawancin mutane ke tsallakewa: ka zauna shiru daƙiƙa goma kafin ku motsa. Dokin da aka saba zaburar da shi da an hau, wata rana zai tafi ƙafarka ɗaya na likkafa.

A zaune, kunne da kafaɗa da ƙugu da dunduniya su zama a layi ɗaya, dunduniya ƙasa, ido a gaba. Tafi: matsa da ƙafafu biyu, hannu a sake. Tsaya: zauna da nauyi, fitar da numfashi, rufe yatsu a kan linzami, ka saki da ya tsaya. Juya: dubi inda za ka, buɗe hannun wannan gefen. Babban laifin sabon mahayi shi ne ba da umarni biyu masu karo da juna, ƙafa na cewa tafi, hannu saboda tsoro na cewa tsaya. Dokin da aka sa a wannan tsaka mai wuya zai yi tutsu, ko ya miƙe da ƙafafun baya, ko ya daskare. Ma'aikacin da aka ce ya ɗauki mataki da kansa, sannan aka tuhume shi don bai nemi izini ba, ya san wannan hali. Kada ka nemi sassarfa sai tsayawa da juyawa sun zauna a tafiya, sukuwa kuwa sai bayan makonni.

Idan ya firgita

Leda ce ta tashi, ko wani abu ya yi ƙara. Jikinka zai so ya dunƙule gaba, ƙafafu su maƙale, hannaye su ja linzami biyu da ƙarfi. Duk ukun suna ƙara wutar: maƙale ƙafa umarnin gudu ne, ja da hannu biyu kuma yana ba shi abin jingina. Zauna da baya, ka ja igiya ɗaya a hankali zuwa ƙugunka, ya shiga zagaye yana ragewa har ya tsaya. Ka koyi wannan a tafiya tun ranar lafiya, domin fizgar kai a tsakiyar gudu tana iya kayar da ku duka.

Kada ka doke shi don ya ji tsoro, in ba haka ba abin tsoro ya zama biyu. Koma da shi nesa, inda yake iya kallon abin ba tare da ya nemi gudu ba. Jira kansa ya sauko, ku matsa taku biyu, ku ja baya, ku sake matsawa. Yana iya ɗaukar minti ashirin yau, gobe biyar.

Idan ya ƙi, fara da zargin ciwo

Dokin da ya saba yin abu sannan ya ƙi, kafin a kira shi mai taurin kai a duba abu huɗu a jere: jikinsa, kayansa, umarninka, sannan halinsa. Shafa bayansa ka ga ko yana noƙewa. Duba gefen baki ko akwai rauni. Haƙoran doki suna yin kaifi a gefe su yanki kumatu, shi ya sa likitan dabbobi ke duba su sau ɗaya a shekara. Ja shi a sassarfa a ƙasa mai tauri, idan kansa na sama da ƙasa a kowane taku, ɗingishi ne. Ka san awonsa na lafiya: zafin jiki 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Selsiyos, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti yana hutawa, numfashi wajen 8 zuwa 16. Yana cin ciyawa kusan kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa a yini, yana shan ruwa lita 25 zuwa 50 gwargwadon zafi da aiki. Doki ba ya iya amai, don haka idan ka ga yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, ya ƙi abinci, kira likita nan take.

Sai an tabbatar matsalar ba daga jikinsa ko kayansa take ba ake zuwa ga tambaya mai ɗaci: shin na bayyana abin da nake so? Shin na karya shi ƙanana yadda zai iya? Shiga motar ɗaukar dawaki, alal misali, ba aiki ɗaya ba ne. Tunkara ce, da shinshina, da ɗora ƙafa ɗaya, da ja da baya cikin natsuwa, kowanne da ranarsa.

Tsawon darasi

Minti 15 zuwa 20 na sabon abu sun isa, sau huɗu ko biyar a mako. Wannan ya fi awa uku a rana ɗaya amfani. Abu ɗaya sabo a kowane zama, a fara da abin da ya riga ya iya. Idan ya yi daidai sau uku a jere, tsaya nan, ko da minti bakwai kacal aka yi. Kwaɗayin "bari mu ƙara ɗaya" shi ke ɓata darasi mai kyau, domin na huɗun yakan zo da gajiya, a ƙare da faɗa. Idan kuma ranar ta ƙi, koma ga abu mai sauƙi kamar ja da baya taku biyu, ya yi, ka sauka. Sassauta majayi rami ɗaya ko biyu, zagaya da shi a hannu minti biyar zuwa goma har numfashinsa ya daidaita, cire sirdi, ka duba bayan: gumi ya kamata ya jiƙa ko'ina daidai, busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙe alama ce sirdin na danna wurin. Rubuta abin da kuka yi da inda aka tsaya, gobe daga nan za a ɗora.